Kafin ka sayi miksa, ƙirga mikro nawa za su yi aiki lokaci ɗaya

Duk wanda ya fara haɗa ɗan situdiyo a ɗakinsa a nan Yamai, da wuya ya kwana biyu bai fara tambayar kuɗin miksa ba, wadda masu sana'ar ke kira tabil miksaj. Ba laifinsa ba ne. Ita ake gani gaban mai sono a wurin biki, ita ce a gidan rediyo, ita ce kuma a hotunan manyan situdiyo da maɓallanta jere reras. Sai mutum ya ɗauka in babu ita aikinsa bai cika ba. Ra'ayina a kan wannan ba ya da kwana-kwana: in kai kaɗai ne, ko kai da mawaƙi ɗaya, kuna ɗora murya a kan kiɗan da aka haɗa a kwamfuta, ba ka bukatar miksa. Abin da ba za ka iya yi babu shi ba shi ne katin sauti na waje, wanda ake cewa kart son, mai shiga kwamfuta ta USB. Akwai ayyukan da miksa ke da amfani a cikinsu, zan zo kansu, amma ba su kai yawan da ake zato ba.

Miksa aiki uku take yi. Tana ɗaga sautin mikro, tana gyara shi da maɓallan kauri da kaifi, sannan ta haɗa duk abin da ya shigo ta fitar da shi hagu da dama. Na biyu da na uku suna nan cikin manhajar da kake aiki da ita. Buɗe FL Studio ka danna F9, ko Cubase ka danna F3, miksa ce za ta bayyana, mai layuka fiye da na kowace tabil da za ka samu a Katako, kuma ita tana tuna inda ka bar kowane maɓalli ko bayan wata shida. Aikin farko ne kwamfuta ba ta iyawa, shi ne kuma katin sauti yake yi.

Abin da ke fitowa daga mikro kaɗan ne ƙwarai, 'yan milivolt ne kawai. Dole a ɗaga shi da desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 40 zuwa 60 kafin ya kai matakin da sauran na'urori ke aiki da shi, wanda a kayan ƙwararru yake kusan volt 1.23. Sashen da ke wannan ɗagawar shi ne amfilin farko, kuma maɓallin da aka rubuta Gain a kansa shi ke juya shi. Katin sauti yana da wannan amfilin, yana da wutar 48V da mikro kondansa (irin na situdiyo mai saurin jin sauti) ke bukata, yana da ƙofar gita, sannan yana da abin da miksa ta gargajiya ba ta da shi sam, wato sashen da ke juya sauti ya zama lambobin da kwamfuta ke ajiyewa. Shi ya sa wanda ya sayi miksa maras USB bai huta ba, sai ya sake neman katin. Wanda ya sayi katin kuwa ya gama.

Kada a ce ai kwamfuta tana da 'yar ƙofar mikro a gefenta. Wannan ƙofar mai milimita 3.5 an yi ta ne don kiran bidiyo. Layi ɗaya take ɗauka, tana jiran sauti maras ƙarfi, tana zaune kusa da sassan kwamfutar da ke watsa ƙara, kuma sau da yawa Windows yana sa mata tace hayaniya da ke cinye wutsiyar murya. In ka zuba mata abin da ya fito daga miksa, sautin zai fashe tun kafin ya isa manhaja. Wasu waƙoƙin da ake ji suna shhh a ƙarƙashin murya, ko suna tsatsagewa duk lokacin da mawaƙi ya ɗaga murya, ta wannan hanyar aka ɗauke su.

Inda mutane suka fi asarar kuɗi shi ne miksa mai USB. Mai shago zai nuna maka ƙofofi takwas ko goma sha biyu, ya nuna maka ramin USB a baya, ka yi zaton kowace ƙofa za ta shiga kwamfuta da layinta. A mafi yawan masu araha ba haka ba ne. Behringer Xenyx Q802USB da 1204USB, da Yamaha MG10XU, duk layi biyu kacal suke turawa: hagu da dama, bayan an riga an cakuɗa komai. Ka jona mikro huɗu, na mai bege, na 'yan amshi biyu, da na mai mandiri, abin da zai bayyana a allonka fayil ɗaya ne. In daga baya ka ji mandirin ya danne muryar, ba yadda za ka yi ka rage shi shi kaɗai. In ɗaya daga 'yan amshi ya yi tari a tsakiyar baiti, tarin ya zauna. In za ka sa Auto-Tune, manhajar daidaita murya, a muryar jagora, zai kama har da kiɗan ya murɗe shi. Kamar fura ce da aka riga aka dama da nono, ba ka iya tsame nonon. Kafin ka biya, duba takardar na'urar ko bayan kwalinta. In ka ga an rubuta 2-in/2-out a wajen USB, to layi biyu ne, ko da ƙofofin gaba sun kai ashirin. Ƙari a kan haka, waɗancan Xenyx ɗin a bit 16 suke ɗauka, alhali ƙaramin katin sauti na yau yana ba ka bit 24, wanda ya fi adana sauti daki-daki.

Saboda haka tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: abubuwa nawa zan ɗauka a lokaci ɗaya, waɗanda nake so kowanne ya zauna a layinsa? Ba adadin kayan kiɗan da ke cikin waƙar ba, adadin waɗanda za su yi sauti tare a daƙiƙa ɗaya. Waƙa tana iya ɗaukar layi arba'in alhali da mikro ɗaya aka yi ta, ana ɗauka ana ɗorawa. Mai waƙar zamani da ke haɗa kiɗa a FL Studio, mai karanta talla, mai ɗaukar karatun Alƙur'ani ko wa'azin malami ɗaya, duk ƙofa ɗaya ko biyu ta ishe su: Focusrite Scarlett Solo ko 2i2, ko Behringer UMC202HD. Ni na fi ba da shawarar mai ƙofar mikro biyu, domin ranar da za ka ɗauki hira da baƙo, ko mai gurmi da ke kaɗawa yana waƙa, za ka bukaci ta biyun. Mai fiyanon Yamaha PSR da ke son ɗaukarsa hagu da dama tare da murya yana bukatar uku, don haka sai mai ƙofa huɗu irin UMC404HD. Ƙungiyar gita irin ta 'yan Tawa da Agadas, mai gita biyu da bas da ganguna da muryoyi, in tare za su buga, sai mai takwas, kamar UMC1820 ko Scarlett 18i20. A duk waɗannan, kowace ƙofa da layinta a kwamfuta, kuma ba a bukaci miksa ba.

Hujjar da aka fi kawowa don kare miksa ita ce jinkiri. Mawaƙi ya sa kas, wato abin saurare, a kunne, ya yi magana, sai ya ji muryarsa ta dawo masa a makare, ya kasa bin kiɗa. Matsalar gaskiya ce, amma maganinta ba ya cin ko dala. Kwamfuta tana tara sauti ne kashi-kashi kafin ta sarrafa shi, girman kashin shi ake kira bafa. A 48 kHz, wato auna sauti sau 48,000 a daƙiƙa, bafa 1024 ya haura milisakan 21 a tafiya ɗaya, kuma sautin sai ya shiga ya fito, ka ga ya ninka. Bafa 128 kuwa bai kai milisakan 3 ba. Mawaƙa sukan fara jin damuwa in jimillar ta wuce wajen milisakan 10. To a lokacin ɗauka ka sa 128 ko 256, ka kashe manyan tasirorin da ke cin ƙarfin kwamfuta, in ka zo haɗawa ka mayar 1024. Ka tabbata kuma ka sauke direban ASIO na kamfanin katin, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa katin da kwamfuta, ka zaɓe shi a manhaja, kada ka bar ta a kan na Windows. In kwamfutar tsohuwa ce tana ƙas-ƙas a 128, danna maɓallin Direct Monitor da ke jikin katin. Shi yana mayar da muryar kunnen mawaƙi kai tsaye ba tare da ta bi ta kwamfuta ba. Sai dai ka kashe sauraron layin a manhaja, in ba haka ba zai ji murya biyu, ɗaya na bin ɗaya.

Akwai mawaƙan da ba sa sakin jiki sai sun ji eko a kunne. Wannan ma ana yi a manhaja: bar busasshiyar muryar ta bi Direct Monitor, ka buɗe layin eko kaɗai daga kwamfuta. Ɗan jinkirin da ke kan eko ba ya damun kowa. Abin da nake roƙon masu farawa su daina shi ne ɗaukar murya da ekon miksa a manne da ita. Yau ya yi maka daɗi, gobe ka ji ya yi yawa, kuma ba ya fita.

To yaushe miksa take da amfani? In aikin kai tsaye ne, ba a dawowa gyara: shirin da ake watsawa a Facebook ko YouTube da baƙi uku ko huɗu, majalisin bege, taron wa'azi da ake so jama'a su ji ta lasifika ana kuma ɗauka. A nan hannu a kan maɓalli ya fi linzamin kwamfuta sauri, kuma in kwamfutar ta tsaya sautin wurin bai tsaya ba. Haka in ɗakin naka wurin gwaji ne na ƙungiya, ko kana da fiyano biyu da akwatin ganga da ba ka son cirewa da jonawa kullum. Haka kuma in kana fita aikin sono a bukukuwa, miksar tana ciyar da kanta. Wanda ke son abu ɗaya ya yi masa duka biyun, aikin miksa da na katin sauti, ya nemi miksar da aka rubuta multitrack a kanta, irin Zoom LiveTrak L-8 ko L-12, ko Tascam Model 12. Waɗannan suna tura kowace ƙofa daban zuwa kwamfuta, suna kuma ɗauka a katin SD ba tare da kwamfuta ba. L-8 har da batir AA huɗu tana aiki, abin da ba ƙaramin alheri ba ne ga mai zuwa ƙauye ɗaukar makaɗan gargajiya. Kuɗinsu dai ya fi na ƙaramin kati nesa ba kusa ba.

In ka riga ka sayi miksa, kada ka yar da ita, amma ka jona ta daidai. Fitar da sauti daga Main Out, babbar mafitar miksar, da igiya mai kan jak babba, mai zobe biyu, zuwa ƙofar Line ta katin, ka rage Gain na katin ƙasa sosai, ka tabbata maɓallin Inst, na gita, a kashe yake. Kuskuren da aka fi yi shi ne shigar da shi ta XLR, wato ƙofar mikro. Sautin da aka riga aka ɗaga sai a sake ɗaga shi, ya fashe. In kuma wutar 48V ta katin tana kunne, za ta bi igiyar ta koma cikin miksar, abin da ba kowace miksa ke jurewa ba.

Don raba abu biyu, murɗa Pan, maɓallin kai sauti hagu ko dama, na mikro na farko hagu gaba ɗaya, na biyu dama gaba ɗaya, sannan a manhaja ka buɗe layi biyu na mono, ɗaya ya ɗauki ƙofa ta 1, ɗaya ta 2. Wannan dabarar tana aiki har a miksa mai USB mai layi biyu. In miksar tana da ramin Insert kuma katinka mai ƙofa huɗu ne, tura jak cikin Insert ɗin zuwa ƙas na farko kawai, kada ka kai shi ƙarshe. A yawancin miksoshi hakan yana ba ka sautin wannan ƙofar ita kaɗai ba tare da ya yanke ta daga sauran ba.

Sai babbar matsala, wadda ke sa mutum ya kwana yana neman dalili: ka ɗauki murya, ka saurara, ka ji kiɗan ya shiga cikin layin muryar. Abin da ya faru shi ne ka dawo da sautin kwamfuta cikin wata ƙofar miksa don mawaƙi ya ji, ita kuma ƙofar tana zuba a Main, Main kuma yana komawa kwamfuta. Wani lokaci ma zagayen yakan rufe ya yi kuwwa mai kashe kunne. Dawo da sautin kwamfuta ta 2-Track In ko Tape In, ka danna maɓallin da ke kai shi Phones ko Control Room, ka bar na Main a ɗage. A miksa mai mafita ta biyu da ake kira Alt 3-4, irin 1204, kana iya tura mikro ta wannan hanyar zuwa katin, ka bar Main don saurare kawai.

Akwai kuma abin da ya shafi garin nan. Ƙaramin katin sauti daga USB yake shan wuta, volt 5. In aka ɗauke wuta a tsakiyar baiti, kwamfutar tafi-da-gidanka tana kan batir, katin yana kanta, kas yana kan katin, aiki bai tsaya ba. Miksa ta gargajiya tana bukatar volt 220 daga bango, tana mutuwa nan take, kuma dawowar wutar da ƙarfi ita ke ƙona adaftarta in babu regilater (mai daidaita wuta) ko ondiler (mai riƙe wuta da batir) a tsakani. Kowace na'ura da ka ƙara mai shiga bango ƙofa ce ta gunjin nan na 50 Hz, mmmm ɗin da ke kwance ƙarƙashin sauti, musamman a gidajen da ba a ja wayar ƙasa ba, kuma suna da yawa. Gwajin mai sauƙi ne. Zare cajar kwamfuta. In ƙarar ta ɗauke, daga wuta take, sai ka riƙa ɗauka a kan batir, ka jona duk kayan a rallonj ɗaya, ka kuma sa mai gyaran wuta ya kafa maka ƙarfen ƙasa na gaske. Masu aiki da hasken rana su lura da na'urar da ke juya wutar batir zuwa 220: mai araha, wadda ba ta fitar da tsabtatacciyar wuta, tana sa zzzz a lasifika da miksa. Gurup, wato janareta, ma haka, ga ƙararsa a tsakar gida.

Ƙura ita ma abokiyar gaba ce. Maɓallan miksa masu ja sama da ƙasa suna da dogon tsagi a buɗe, ƙurar hunturu tana shiga ta kwanta a kan hanyar, bayan shekara ɗaya ko biyu sai ka ji ƙarr duk lokacin da ka taɓa, ko gefe ɗaya ya riƙa ɗaukewa. In kana da ita, rufe ta da zane duk lokacin da ba a aiki, ka goge da busasshen burushi mai laushi, in ta fara ƙara a fesa mata maganin wanke maɓallan lantarki. Kada a zuba mata man inji ko fetur. In ta hannu ce za ka saya a kasuwa, je da mikro da kas ɗinka, ka gwada kowace ƙofa, ka murɗa kowane Gain daga farko zuwa ƙarshe kana saurare, ka kuma kunna 48V da mikro kondansa ka ga ko tana bayarwa.

Kuɗin da za ka kashe a miksa, ɗaki ya fi bukatarsu. Ɗakin siminti mai tayil da rufin kwano yana mayar da murya ta kowane gefe, kuma babu maɓallin da ke cire wannan amon bayan an ɗauka. Jingina katifa a bangon da ke bayan mawaƙi, domin nan ne fuskar mikro take kallo. Rataya bargo mai nauyi a gefe biyu, ka bar ɗan tazara tsakaninsa da bango, ka shimfiɗa darduma. Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango ba ya hana ƙarar kabu-kabu shigowa, kuma abin da yake sha na amo kaɗan ne. A watan Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, kashe fanka azaba ce, amma mikro yana jin ta. Sanyaya ɗakin tukuna, a kashe a ɗauki baiti biyu, a sake kunnawa. In unguwar mai hayaniya ce, mikro dinamik, wanda ba ya bukatar 48V, irin Shure SM58, da baki kusa da shi kamar yatsu biyu ko uku, ya fi kondansa rufa asiri, domin kusancin yana sa murya ta rinjayi duk abin da ke ɗakin. Jabunsa sun cika kasuwa, a saya a wurin wanda aka yarda da shi. Kondansa irin Audio-Technica AT2020 yana son tazarar kamar taƙi ɗaya, santimita 15 zuwa 20, da tankaɗen tare iska a tsakani.

Wajen saita Gain, sa manhaja a bit 24 da 48 kHz, ko 44.1 in waƙar ba ta bidiyo ba ce. Ka sa mawaƙi ya rera wurin da ya fi ɗaga murya, ba gwajin "ɗaya, biyu" ba, ka murɗa har ma'aunin ya riƙa kaiwa wajen desibel -12, mafi yawan lokaci yana yawo a -18. Zai yi maka kamar ya yi ƙasa a allo, amma a bit 24 kana ɗaga shi daga baya ba tare da hayaniya ta biyo ba, alhali abin da ya taɓa ja ya fashe ba ya gyaruwa. Jona mikro kafin ka kunna 48V, ka kashe ta ka jira 'yan daƙiƙu kafin ka zare, lasifika kuma su ne na ƙarshe wajen kunnawa, na farko wajen kashewa. Layi ɗaya na mono a wannan saitin yana cin kusan megabait 8.6 a minti, don haka wa'azin awa ɗaya da mikro biyu zai ɗan haura gigabait ɗaya. Duba sararin da ya rage a kwamfutar kafin malam ya zauna.